Yaron kanti da sallama iri biyu

Kalmar sallama fuska biyu gare ta a bakin 'yan kasuwar Kano. Idan aka ji dattijo a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa yana cewa ya sallami yaronsa, barka ake yi masa, a sa wa yaron albarka, domin abin da ake nufi shi ne bayan shekarun hidima an ɗauki jari an damƙa masa, wataƙila har da tebur ko gefen rumfa, an ce ya je ya nemi na kansa. Amma idan matashin da ke jera kaya a babban kantin zamani ya dawo gida da rana tsaka ya ce wa mahaifiyarsa an sallame shi, salati za ta yi. Rigar aiki aka karɓe, aka nuna masa ƙofa.

Tsakanin waɗannan sallama biyu ne samari da 'yan mata masu yawa ke tsaye a yau, a Kano da Kaduna da Abuja da Sakkwato da Maiduguri, a kantunan da mutum ke shiga ya ɗauki kwando ya zaɓi abin da yake so da hannunsa. Su ne matakin ƙasa a wannan sana'a: mai sauke katan, mai jera kaya a kanta, mai liƙa farashi, mai ɗaure leda, mai tura wa Hajiya kayanta zuwa mota, sai kashiya da ke bakin na'ura. Wahalar da suke sha ta yaron shago ce, amma alkawarin da ke ƙarshen wahalar yaron shago ba a yi musu shi ba. Sunan da aka ba su na ma'aikata ne, amma da yawansu ba su taɓa ganin takardar da doka ta ce a ba ma'aikaci ba. Sun zama jemage, su ba tsuntsu ba, su ba dabba ba.

Wanda bai taɓa yin aikin ba yana ganin kamar hutu ne: ga sanyin na'ura, ga ƙamshin turare, ga haske ko'ina. Gaban kanti ke nan. Ta baya akwai sito, inda babu iska, inda motar kaya ke tsayawa da buhunan shinkafa masu kilo 50 da jarkokin mai masu lita 25 da katan-katan na taliya da madara da ruwan roba. Yaro ya sauke, ya ƙirga, ya duba ko takardar da direba ya kawo ta yi daidai da abin da ya shigo. Daga nan sai jerawa, kuma ita ma ba a yin ta da ka. Kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa ake jawowa gaba, sababbi su koma baya, domin idan gwangwanin madara ya kwana a lungu har ya lalace, ko dai kanti ya yi asara ko jami'an NAFDAC su zo su same shi. Firji ya tsaya saboda an ɗauke wuta kuma janareto ya yi jinkirin tashi, yaron ne zai ruga ya duba kaji da kifi. Wani ya fasa kwalbar lemo a ƙasa, yaron ne da tsumma. A makon ƙarshe na azumi kuwa, lokacin da kowane gida ke sayayyar salla, sai ya wuni ƙafarsa ba ta huta ba, ga ƙishirwa, ga mai saye da ke tambayar inda gyaɗar miya take karo na uku.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara masa wani aikin da da can bai kai haka yawa ba, wato sauya farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kaya suka daina zama a kuɗi guda. A watan Yunin 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A ofis lamba ce, a kanti kuwa ɗaruruwan 'yan takardu ne da za a ɓamɓare a liƙa sababbi, kuma dole abin da ke jikin kanta ya yi daidai da abin da kwamfuta za ta faɗa. Abin ba na wasa ba ne: a Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta garƙame wani babban kanti a Abuja bisa zargin cewa kuɗin da ke rubuce a kanta dabam, wanda ake karɓa a wurin biya dabam. Manya ne ke yanke farashi a sama. Amma idan Alhaji ya zo biya ya ga an ƙara masa naira ɗari biyar a kan abin da ya gani, ba manaja yake fara yi wa faɗa ba. Yarinyar da ke gabansa ce za ta sha, tana ta “Alhaji ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, bari a duba,” a kan laifin da ba ta san ranar da aka yi shi ba.

Wannan salon ciniki baƙo ne, har sunansa ma. Kalmar kanti aro ce daga Turanci, tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kamfanonin Turawa irin su John Holt suka biyo shi suka buɗe wuraren sayar da kaya. Dabarar barin mai saye ya ɗauko kaya da kansa kuwa daga Amurka ta fito, inda wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis a 1916. 'Yan layukan nan baƙaƙe da ke jikin kaya, waɗanda na'ura ke karantawa ta yi ƙara, an fara gwada su a wurin biya a watan Yunin 1974 a jihar Ohio, a kan fakitin cingam. Duk waɗannan dabaru manufarsu guda ce: a rage dogaro da gwanintar mai sayarwa. A kasuwa, yaron shago ne ke taya farashi, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, ya san dillalai, ya san lokacin da sukari zai hau. A kanti an kwashe wannan ilimi an zuba a kwamfuta da ofishin manaja. Shi ya sa maye gurbin yaron kanti ba ya wahala, shi ma ya san haka, mai kanti ma ya sani.

Tsohon tsarin ba aljanna ba ne, kada a yi masa ado fiye da kima. Akwai iyayen gida da suka ci gumin yaro shekara goma, da lokacin sallama ya zo suka ƙirƙiro masa sata. Akwai yaran da suka tsufa a bakin rumfa ba su ga jari ba. Amma duk da haka tsarin yana da kunya a cikinsa. Ubangida ya san mahaifin yaron, suna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure, kuma kasuwa gaba ɗaya tana kallon yadda zai yi da shi. Yakan ci da shi, ya yi masa ɗinkin salla, ya kai shi asibiti, sau da yawa ya tsaya masa a aure. Manyan gidajen kasuwanci na Kano da wannan hanya suka yaɗu, babba ya ɗaga ƙarami. Aliko Dangote ma da ya fara a 1977, da rancen da ya samu a cikin dangin mahaifiyarsa, gidan Dantata, ya fara. Inyamurai su ma suna da irin wannan tsari, kuma duk wanda ya zaga Sabon Gari ya ga abin da ya haifar.

Aikin albashi ciniki ne na dabam. Ba ya alkawarin jari, abin da yake alkawari shi ne ƙa'ida: awa kaza, kuɗi kaza, hutu kaza, a rubuce. Kuma ƙa'idar tana nan, ba wai sai an ƙirƙiro ta ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke aiki tun shekarun 1970, ta ce a sashe na 7 dole mai aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku ya cika da fara aiki, mai bayyana irin aikin da albashin da lokutan aiki da hutu da yadda za a rabu. Sashe na 13 ya ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da bai gaza awa guda ba a tsakani, kuma a kowane kwana bakwai yana da kwana guda cur na hutawa. Wanda ya shekara yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da albashinsa. Mara lafiyar da likita ya tabbatar yana da har kwana goma sha biyu a shekara ba a taɓa kuɗinsa ba. Wanda ya wuce wata uku ba a korarsa a tsaye sai da sanarwar aƙalla mako guda, sai dai idan babban laifi ya yi. Waɗannan ba gata ba ne, mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi ke nan tun kafin a haifi iyayen wasu daga cikin yaran. Amma a tara masu riga iri ɗaya a ƙofar kanti a tambaye su wa ke da takardar ɗaukar aiki a gida, za a sha kallon kallo. Takardar da kowa ke tunawa ita ce wadda aka sa shi ya kawo: ta mai tsaya masa, da hoto da sa hannu, domin ranar da wani abu zai ɓata.

Wurin da abin ya fi ciwo shi ne maganar giɓi. Kashiya ta wuni tana karɓar kuɗi ta hanya uku, tsaba da kati da taransifa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, taransifa ta zama ruwan dare, ta kuma zo da nata masifun. Mai saye ya nuna waya ya ce ya tura, kuɗi ba su shigo ba, layi ya yi tsawo, na baya suna tsaki. Ta riƙe shi, a ce ta wulaƙanta babban mutum. Ta sake shi, wataƙila saƙon na bogi ne. Na'urar POS ta ce ciniki bai yi ba alhali banki ya cire wa mutumin kuɗinsa. Canji babu, sai a ba da alewa. Da dare, bayan an rufe ƙofa, sai a zauna lissafi, kuma duk abin da bai cika ba sunansa giɓi, a rubuta shi a gaban sunanta, a zare daga albashi a ƙarshen wata. A wasu wuraren ma idan ƙididdigar kaya ta nuna ɓatan wani abu, sai a raba asarar a kan duk ma'aikatan sashen, mai gaskiya da mara gaskiya. Ribar kanti ba a raba ta haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da masu kantuna da yawa ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai, shi ne sashe na 5 na dokar ya hana wannan. Ba a cire wa ma'aikaci kuɗi a matsayin tara ko biyan asara sai idan gangancinsa ko sakacinsa ne ya jawo ta, sai kuma jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tun kafin a cire. Duk abin da za a zare a wata guda kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Manajan da ke zaune da biro yana yanke hukunci shi kaɗai, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai karɓar tara, ya saɓa wa doka ko da kuwa lissafinsa daidai ne.

Sai albashin kansa. A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Idan aka raba a kan kwana 26 na aiki, bai kai naira 2,700 a rana ba. Wanda ke kashe dubu guda a adaidaita sahu zuwa da dawowa, ya ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ga titi kafin ya ci komai. Kuma wannan ga wanda dokar ta shafa ke nan, domin ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan awanni. Yawancin kantunan unguwa a ƙarƙashin wannan adadi suke. Manya kuma wasunsu sun gano wata ƙofar: su ɗauko ma'aikata ta hannun ɗan kwangila, yaro yana sanye da rigar kanti amma a takarda ba na kanti ba ne. Ranar da ya faɗo daga tsani a sito, sai a fara tambayar na wane ne.

Masu kanti su ma suna da abin faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. Ribar kayan masarufi siririya ce. Firji da na'urar sanyaya ɗaki ba sa kwana, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, ninki uku na da. Ga dizal, ga haya, ga haraji iri-iri. Sata ma gaskiya ce, ta masu saye da ta 'yan ciki. Ko manyan ba su sha ba: Shoprite, kamfanin Afirka ta Kudu da ya shigo Legas a 2005 ya kuma buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano a 2014, ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021, kuma a Janairun 2024 aka rufe reshen na Kano. Duk wanda ya ga haka ya san cewa kanti ba rijiyar kuɗi ba ce. Sai dai wannan hujja tana da iyaka. Ba a taɓa jin mai kanti ya ce wa mai dizal ya yi haƙuri da rabin kuɗi ba saboda kasuwa ta yi sanyi. Wanda ake iya ce wa haka shi ne wanda aka san akwai goma a waje suna jiran gurbinsa. Sannan da yawa daga abin da ake nema ba kuɗi yake ci ba. Takarda shafi guda ce. Jadawalin da zai ba kowa damar yin salla da cin abinci a kan kari tsari ne kawai. Kujerar kashiya kuwa, abin kunya ne a ce har yanzu ana muhawara a kanta, alhali Ingila ta yi dokar tilasta ajiye wa mata masu aikin kanti kujeru tun 1899. Ba a san cinikin da ya taɓa lalacewa saboda mai karɓar kuɗi tana zaune ba.

Akwai kuma laifin da ba na mai kanti ba ne, na jama'a ne. Har yanzu akwai gidajen da suka gwammace ɗansu mai difloma ya zauna a dakali da a gan shi yana tura amalanken kaya a kanti. Yarinyar da ke aikin kashiya kuwa, musamman idan tana tashi goman dare, sai ta toshe kunne daga maganganun unguwa, ko da kuwa da albashinta ake sayen maganin hawan jinin mahaifinta. Masu saye ma wasu ba sa iya kallon fuskar mai ɗaure musu leda, balle su amsa gaisuwarsa. Wannan raini ne ke ba mugun mai kanti ƙarfin hali, domin aikin da aka ɗauka ba aiki ba ne, ba wanda zai yi faɗa a kan ƙa'idarsa. Alhali wanda ya shekara biyu a sito da idonsa a buɗe ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: wace madara ke tafiya da wadda ke kwana, wane kamfani ke kawo kaya a kan lokaci, nawa ake ɗorawa a kan katan, yadda ake rufe lissafin rana, yadda ake sauke fushin mutum ba tare da an zubar da mutuncin kai ba. Jarin ilimi ne na gaske. Abin da ya rage masa shi ne jarin kuɗi, ko kuma tsani a cikin kantin, daga mai jera kaya zuwa mai kula da sashe zuwa manaja. Inda kujerar manaja ta 'yan gida ce kaɗai, tsanin ba shi da matakala ta biyu.

Saboda haka zaɓi biyu ne a gaban Alhajin da ya gina kanti. Idan yana son yaro ya kira shi baba, ya kwana a sito ranar da kaya suka zo da dare, ya yi aiki ranar hutunsa ba tare da ƙarin kobo ba saboda “ai ɗan gida ne”, to ya ɗauki nauyin ubangida har ƙarshe, ya faɗi shekarun da za a yi da abin da zai biyo baya a gaban iyayen yaron da shaidu. Idan kuma ma'aikaci yake so, wanda zai iya rabuwa da shi da sanarwar mako guda, to ya biya farashin hakan: takarda, awanni sanannu, hutun mako, fansho idan ma'aikatansa sun kai adadin da dokar 2014 ta tilasta, da kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da ake zubawa a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Abin da ke faruwa yanzu shi ne a yi amfani da harshen gida wurin neman ƙarin aiki, a koma harshen kamfani ranar rabuwa.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi, kuma jami'anta suna da ikon shiga wurin aiki su duba takardu. Akwai ƙungiyar ma'aikatan kantuna, NUSDE, amma ƙarfinta ya fi bayyana a manyan kamfanoni, yaron kantin unguwa da wuya ya taɓa jin sunanta. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Kano, sai dai wanda aka zare wa dubu takwas ba zai ɗauki lauya ba. Inda za a fi ganin tasiri da wuri shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kansu, waɗanda suka saba sasanta rikicin ubangida da yaronsa a ƙarƙashin rumfa. Za su iya fitar da takardar ɗaukar aiki guda, da Hausa, shafi ɗaya, su ce kowane ɗan ƙungiya ya yi amfani da ita. A cikinta a rubuta ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, wace rana ce ta hutu, wa zai kai 'yan mata gida idan an wuce isha'i, sannan a bar layi guda da zai faɗi wanda zai zauna a matsayin shaida duk daren da aka ce kuɗin kashiya bai cika ba.